Me ya sa ba a kira na intabiyu?

Tambayarka ita ce me ya sa kake ta tura takardun neman aiki amma shiru. Galibi matsalar CV ce, wato takardar bayanin karatunka da ƙwarewarka: guda ɗaya kake aika wa kowa. Gyara ta bisa kowace sanarwar ɗaukar ma'aikata, kada ta wuce shafi 2, ka sa ƙwarewar da suka nema a sama, ka tura a PDF, ka rubuta sunan gurbin a kan saƙon imel.

Dalili kuwa, mai tantancewa kallo ɗaya yake yi wa kowace takarda, wasu kamfanonin ma manhaja ce ke tacewa da kalmomin sanarwar. In sati 2 ya wuce, tura gajeren saƙon tuni. Amma duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom ko na "tantancewa" kafin ganawa, ɗan damfara ne, kada ka ba shi ko sisi.