Keken dutse mai giya ɗaya: yadda firam ke sauya masa hali

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa keken ya sauya hali a hannu alhali haƙoran baya kawai ka canza, ka ƙara wa sarƙa gaɓa ɗaya. Ba haƙora kaɗai ka taɓa ba, tsawon bayan keken ma ka taɓa.

Keke mai giya ɗaya irin wannan ba shi da abin da ke ɗaure sarƙa, sai dai a ja tayar baya gaba ko baya cikin ramin firam. Cikakkiyar gaɓa milimita 25.4 ce, kuma da yake sarƙa zuwa take yi ta dawo, in ka ƙara gaɓa ɗaya tayar za ta koma baya da kusan milimita 13. Kowane haƙori ɗaya da ka ƙara kuwa yana jawo ta gaba da kamar milimita 3. Daga haƙora 18 zuwa 20 da ƙarin gaɓa, ka tsawaita bayan da wajen milimita 6 ke nan. A ido ba komai ba ne, amma mai hawa zai ji.

Ga dalili. Mai giya ɗaya ba ya hawan tudu a zaune. Tashi yake yi tsaye ya danna feda da nauyinsa, yana jan kan keken. Da ya miƙe, nauyi ya koma gaba, tayar baya ta yi sauƙi, ta fara zamewa a kan tsakuwa. Idan tazarar da ke tsakanin gidan feda (inda sandar feda ke juyawa cikin firam) da tsakiyar tayar baya gajera ce, kamar milimita 420 zuwa 430, tayar na ƙarƙashinsa, tana kama ƙasa, ga sauƙin ɗaga gaba a tsallake dutse. Idan ta kai 445, keken ya fi natsuwa a gangara, sai dai yakan yi nauyin juyawa a kwana mai matsi. Ni na fi son a bar taya a rabin farko na ramin, a bar wa sarƙa wurin da za a ja ta idan ta saki. Kada ka ɗaure ta tamau. Ta riƙa motsi sama da ƙasa kamar santimita ɗaya a inda ta fi tsauri.

Saboda wannan tsayuwar, kwanciyar bututun sirdi ba ta dame mu sosai ba. Abin aunawa shi ne nisa daga gidan feda zuwa wuyan keke. In ya yi gajarta, gwiwa ta riƙa bugun kan keke. In ya yi tsawo, nauyin mutum ya bar tayar baya.

Sai wuya. Tsofaffin kekunan dutse na da wuya mai kusurwar digiri 70 zuwa 71: saurin juyawa, amma ga tsoro a gangara. Na yanzu sukan kwanta zuwa 66 ko 67, su tsaya daram a guje, amma a hawa a hankali gaban yakan faɗa gefe, wanda ke tsaye yana lilo da keke kuwa ya fi kowa jin haka. Kan keke mai faɗin milimita 760 zuwa 780 yana taimaka masa ya rinjaye shi.

Inda yara ke ɓata aiki shi ne wajen sauya fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba. Ƙarin tsawon milimita 20 yana kwantar da wuya da kusan digiri ɗaya, ya kuma ɗaga gidan feda. In ka cire fok mai shok ka sa gajeren sandararre, gaba ya nutse, wuya ya miƙe, feda ta riƙa dukan duwatsu, shi kuwa mai giya ɗaya ba ya iya daina taka feda a tsakiyar hawa. Don keke mai taya inci 29 da aka yi wa shok mai nutsewar milimita 100, nemi sandararre mai tsawon milimita 470 zuwa 490.

Wasu firam ɗin a gidan feda ake ɗaure musu sarƙa, ana juya shi cikin gurbinsa. A nan taya ba ta motsi, feda ce ke hawa ko sauka. Ka juya shi ta sama in hanyar mai duwatsu ce, sannan ka sake saita tsayin sirdi kafin ka miƙa keken.