Amsar Goggo kan guzurin jirgin ruwa

Wa alaikumus salam 'yata, sakonki ya iso. Kince ke da maigidanki zaku tafi hutu a jirgin ruwan nan na shakatawa, wanda zai tashi daga Barsalona ta kasar Sifen, ya ratsa Marsiliya a Faransa ya gangara Italiya, sati daya ya dawo. Hajiya surukarki tace dole a hada miki guzuri yadda aka saba, kilishi da dambun nama da yaji da turaren wuta harda kasko, kuma sai kin zaga dangi kinyi sallama, shi kuma angon naki yace ai ba Makka zaku ba, yawon sati guda ne. Kina so ki san wanne ne dole wanne ne ba dole ba, da abinda zaki zuba a akwati.

To bari in fara miki da inda guzurin nan ya samo asali, dan in kin gane shi sauran ba zai miki wuya ba. Kakanninmu da sukaje Makka ta kasa, ta Maiduguri suke fita su shiga Chadi, su ratsa Darfur har Khartum, daga nan Sawakin ko Port Sudan, sannan su hau jirgin ruwa ya tsallaka dasu Bahar Maliya zuwa Jidda. Wani shekara biyu, wani biyar, wani kam a can ya zauna, shiyasa har yau akwai Hausawa jingim a Sudan. Mai irin wannan tafiya dole ya dauki abinda baya lalacewa, dakuwa, kilishi, garin fura, kuli, kuma dole ya biya bashi ya nemi gafarar kowa dan babu tabbas din dawowa. Manufar guzuri kenan, kar matafiyi ya wulakanta a hanya, kar ya mika hannu ga wanda bai sani ba. Hajiya wannan take tsare miki kuma kar ki kuskura ki raina mata. Sai dai abinda zai hanaki wulakanta a tafiyarki ta yanzu ba kilishi bane, takardu ne da magani da buta.

Kilishin ma ba zai shiga ba. Kasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi shigo da nama ko madara ko abinda akayi dasu daga waje, in aka gani a filin jirgi kwacewa za'ayi, wani lokacin harda tara. Dambun nama ma haka. Ki karba da hannu biyu kiyi godiya, ku ci a jirgin kasa daga Rigasa zuwa Abuja, sauran ki barwa yaran gida. Yaji kam ki tafi dashi, amma na cikin leda ko gwangwani na kamfani wanda ba'a bude ba, dan wallahi abincinsu salam yake, kwana biyu zaki fara neman barkono ido rufe.

Kasko da gawayi da turaren wuta kuwa, dan Allah dan Annabi ki barsu a gida. Babu abinda masu jirgin ruwa ke tsoro kamar gobara, kowane daki da na'urar dake jin hayaki, kuma suna duba akwatuna kafin a shigar. Kyandir, dutsen guga, butar lantarki, bonar turare, duk karbewa suke. Humrarki da turaren fesawa da kulacca sun isheki, ki nade kwalaben da kyau cikin babban akwati, dan a jakar hannu jirgin sama baya barin kwalbar da ta wuce mililita 100. Tunda babu guga, ki goge kayanki tun a gida ki nade su a hankali, ko ki biya su goge miki a can.

Yanzu ga guzurin gaske. Fasfo, ki duba ya rage masa sama da wata 6. Bizar Shengen, wato ta shiga kasashen Turai irin su Sifen da Faransa da Italiya, kuma ki sa maigidanki ya karanta jerin tashoshin da jirgin zai tsaya daya bayan daya, dan wasu jiragen na wannan layin suna lekawa Tunis, in haka ne sai bizar da ake shiga da fita da ita sau da yawa. Inshorar lafiya wadda ta kai yuro 30,000, da ma sai da ita ake bada bizar, kuma tana da rana dan likitan cikin jirgi kudi yake karba masu nauyi. Katin rigakafin shawara, ruwan dorawan nan, in baki da shi kije yanzu dan sai allurar ta kwana 10 take aiki. Duk ki musu hoto a waya ki kuma buga a takarda, ki bar kwafi daya wajen mamanki. Kudi kuma kar ku dogara da katin naira, ku tafi da katin dala da 'yan yuro a hannu, dan a cikin jirgi katin dakinku ake siyayya dashi, a karshe a hada lissafi harda kudin ma'aikata da ake sawa kowace rana.

Wadannan da magungunanki da caja da kaya kala daya da hijabi duk a jakar hannu. Dalili, ranar shiga karbar manyan akwatuna suke a bakin tasha, sai can yamma ko dare ki gansu a kofar daki, ga azahar ga la'asar sun riskeki babu abin sallah.

Buta! ki ja layi a karkashin wannan. Bandakinsu takarda ce kawai, ki sayi karamar buta ta roba a Kasuwar Barci ki cusa safa a cikinta kar ta ci wuri. Sallaya mara nauyi, carbi, silifas na wanka. Alkibla kuma a jirgi juyawa take dan jirgin tafiya yake, a yankin nan gabas take ta dan karkata kudu, talabijin din daki na nuna taswira da inda jirgin ya dosa, dashi zaki gane, dan karfen jirgi na rikita kamfas din waya. Ki tsaya kiyi sallarki a tsaye, in teku ya tashi har kina tsoron faduwa ki zauna, kuma ku matafiya ne kuna da kasaru. Lokacin da zaki sa kafa ki karanta abinda Annabi Nuhu ya fada, Bismillahi majreha wa mursaha, yana Suratu Hud aya ta 41. Maganar abinci, ku rubuta musu tun yanzu cewa halal kuke ci, in babu ga kifi ga kwai ga shinkafa, kuma ki rika tambaya ko an sa giya a miya ko kek, kar kiji kunya.

Ki nemi maganin jiri da tashin zuciya wajen likita kafin ki tafi, kuma ke amarya ce, in akwai alamar wani abu ki fada masa kafin ya rubuta, kin dai gane. Busasshiyar citta ma na taimakawa sosai.

Sutura kar ki kwashi lefe gaba daya. Dogayen riguna marasa nauyi, mayafi mai dan kauri da fil da yawa dan iskar saman jirgi bata wasa da gyale, rigar sanyi daya, takalmi shimfidadde na yawo. Akwai daren da kowa ke cin ado, ranar ki fito da leshinki ki kafa dauri, shi ya sa shaddarsa da hula, kar wani ya ce miki sai kayan Turawa. Soket dinsu ba irin namu mai kafa uku bane, ki sayi adafta. Waya kuma da zarar kun bar gabar teku ki kashe data, layin tsakiyar teku ta tauraron dan adam yake bi, yanzu zai lashe miki kudi. In kun sauka gari yawo ku dawo kafin lokacin da aka rubuta, jirgi baya jiran kowa.

Sallama kuwa anan bana bayan mijinki ko kadan. Wanda zai kwana bakwai a kan teku bai isa yace ba tafiya yayi ba. Ba sai kin zaga Kaduna kaf ba, amma iyayenki da nasa kuje da kafarku ku durkusa su sa muku albarka, kakarku ta Tudun Wada ma haka, sauran dangi ku kira a waya, makwabta ki leka ki bar musu amanar gida. In akwai bashin wani a kanki, ko na adashi ne, ki sauke. Ki bada sadaka ranar fita, hoton tafiya kuma ki rike shi sai kun dawo.

Ki bar wuri a akwati saboda tsaraba, ita ma hakki ce. Marsiliya anyi suna da sabulun man zaitun, baya da nauyi kuma zai isa mutane da yawa, cakulan din yara ki karanta bayansa dan wasu da giya a ciki. Na Hajiya shi zaki fara warewa kuma ke zaki kai mata da hannunki, kar ki aika.

Ki biyo ta gida ran Juma'a bayan la'asar da takardun naku in duba da idona. Ki gaida maigidan naki, Allah ya kaiku lafiya ya dawo mana daku lafiya.