Amsa: Akwai dutsen iskoki a Maraɗi?

Malam, ka tambaya ko muna da dutsen iskoki irin Dutsen Dala na Kano, inda a da Barbushe ke yi wa Tsumburbura tsafi. Gaskiya ƙasarmu rairayi ce da fadama, duwatsu sai ɗai-ɗai. Namu mutanen ɓoyen, in ji manya, tsamiya da kuka da bakin Gulbi suka riƙe. Kakata ba ta yarda mu raɓi gindin tsamiya da tsakar rana, kuma ko ruwan zafi za ta zubar sai ta yi bisimilla, kada ta ƙona ɗan wani. Harkar bori kuwa a fada, hannun Iya, babbar mai sarauta cikin matan gidan sarki, take tun da can.

In dutse kake nema, tsallaka zuwa Zamfara ka ga na Kwatarkwashi, mazaunin Magiro, dodon tsafin Maguzawa, inda a da ake bikin kamun maiki.