Amsa ga Alhaji kan bashin karatu da maganar naira dubu 500

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Alhaji, na saurari saƙonka, inda ka ce 'yarka ta samu gurbi a Jami'ar Legas, amma an gaya maka cewa tunda abin da kake samu a rumfarka ta Mile 12 ya haura naira dubu 500 a shekara, gwamnati ba za ta ba ta bashin karatu ba. Wanda ya faɗa maka haka tsohuwar doka ya riƙe. Dokar farko da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ce ta gindaya wannan sharaɗi, har ta ƙara da cewa sai ɗalibi ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, kamar ma'aikacin gwamnati mai mataki na 12 zuwa sama, ko lauyan da ya shekara 10 yana aiki. Ku duba lissafin da kanku: dubu 500 a shekara bai kai dubu 42 a wata ba, kuma a lokacin mafi ƙarancin albashi dubu 30 ne, ke nan gidan da miji da mata ke karɓar mafi ƙarancin albashi ma ya fita daga sahu. Ina mai sayar da tumatir zai samo lauyan da zai tsaya masa? Wannan ya sa aka soke dokar, aka sanya hannu kan sabuwa a watan Afrilun 2024, wadda ta cire ma'aunin kuɗin shiga da maganar masu tsayawa baki ɗaya, sannan NELFUND, hukumar da ke kula da bashin karatu, ta buɗe shafin neman bashin a watan Mayun 2024.

Na san kuma abin da ke ranka wanda ba ka furta ba, wato ko akwai riba a ciki. Babu kuɗin ruwa a wannan bashi. Kuɗin makaranta ana tura shi ne kai tsaye zuwa asusun jami'a, ba ya bi ta hannunka ko nata, sai kuma naira dubu 20 a wata na kashewa da ke shiga asusun ɗalibi idan ya nema. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, inda za a riƙa cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Makarantun gwamnati kaɗai ya shafa, na tarayya da na jiha, saboda haka mai ɗa a jami'a mai zaman kanta kada ya sa rai.

Abin da nake jin tsoro a kan yaranmu na Legas shi ne takardu, kuma a nan nake roƙon a ba ni aron kunne. Shafin yana neman lambar JAMB, da lambar NIN, da BVN, da lambar ɗalibi ta makaranta, kuma dole bayanan su yi daidai da waɗanda jami'a ta tura. To mu kuwa, yarinya ɗaya za ka samu a firamare an rubuta mata Aishat, kamar yadda malaman nan suka saba, a NIN an sa Aisha, a banki kuma sunan kaka ya maye gurbin na uba, ga ranar haihuwa iri biyu. Harafi guda yana iya tsayar da komai har watanni. Tun 2021 JAMB ta wajabta NIN, amma har yau sai yaro ya kai ajin ƙarshe na sakandare muke tuna da shi, alhali ba a fafe gora ranar tafiya.

Takardar asalin jiha ma ciwo ce mai zaman kanta. An haifi yaro a Zangon Agege ko Idi-Araba, ubansa ma nan aka haife shi, nan muke biyan haraji da kuɗin rumfa, amma tallafin karatu na jihar Legas na 'yan asalin jiha ne. Ka juya gida kuma a ce ba a san ka ba. Da na kai ɗan ƙanina ƙaramar hukumarmu neman wannan takarda, ma'aikacin ya saurari Hausar yaron, ya ji ta gauraye da Yarabanci, sai ya ture fom ɗin gefe ya ce mu je mu kawo shaidar mai unguwa da ta dagaci. Dagacin da ya san mahaifinmu ya rasu, wanda ya gaje shi bai taɓa ganin mu ba, sai da wani tsoho a bakin masallaci ya tuna gidanmu kafin aka sa hannu, kuma kuɗin motar da muka kashe ya kusa cinye tallafin da ake nema. Duk da haka ina ba ku shawara ku karɓo wa kowane yaro da wuri, domin jami'o'in tarayya suna raba gurbi ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi, kuma Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato suna cikin rukunin ƙarshe. Da wannan takarda ce yaron Agege zai ci wannan kaso a Jami'ar Legas da ke Akoka.

In koma kanka, Alhaji, kada ka zauna jiran bashin ba tare da tanadi ba. Ana cewa jami'ar tarayya kyauta ce, amma a 2023, bayan cire tallafin fetur, Jami'ar Legas ta ɗaga kuɗaɗenta har zuwa naira 190,250 ga ɗaliban likitanci, sai da ɗalibai suka yi zanga-zanga aka ɗan rage. Wa'adin rajista yana iya cika kafin kuɗin NELFUND ya iso, don haka idan ka biya daga aljihunka, ka adana rasit domin neman a mayar maka. Dubu 20 kuma ba za ta ɗauki kuɗin mota daga Ketu zuwa Yaba kullum da abinci da littattafai ba, balle hayar ɗaki idan ba ta samu gado a cikin makaranta ba. Yau da dare ka sa ta shimfiɗa takardar JAMB da ta NIN da ta banki a gabanka, ku karanta sunayen harafi bayan harafi, idan kun ga bambanci ka kira ni bayan Isha'i mu ga wadda za a fara gyarawa.