Tambaya da Amsa: Wai 'yan Zen ba su da doka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki. Ni malamar firamare ce nan Birnin Kebbi. Ƙanena ya dawo hutu daga jami'a, kullum bayan asuba sai ya tanƙwashe ƙafa cikin zaure ya rufe ido, wai shina yin Zen da ya gani a YouTube don rage damuwa. Na ce mai wanga abu ai addinin wasu na, ya ce a'a Yaya, zama na kawai da jan numfashi, su ba su da wata doka, kowa zuciyarshi yaka bi. Don Allah gaskiya na?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Toh, ke ce kika fi kusa da gaskiya. Zen reshe ne na addinin Buddha, ya tashi a ƙasar Sin inda ake kiransa Chan, daga baya ya tsallaka Japan. Dogen, wanda ya kafa Soto a can, ɗaya daga cikin ɗariƙun Zen, ya rayu daga 1200 zuwa 1253, kuma gidan ibadar da ya gina a 1244, Eiheiji, har yau yana nan ana horar da almajirai. Ko rufe idon ma ba haka suke yi ba, 'yan Soto bango suke fuskanta, idon a buɗe kaɗan.

Doka kuwa suna da ita, guda 16. Ukun farko neman mafaka ne wurin Buddha da koyarwarsa da jama'ar mabiyansa, kin ga nan aƙida ce tsagwaronta ba motsa jiki ba. Sai uku na barin sharri, aikata alheri, da amfanar da dukkan halitta. Goman ƙarshe su ne manya, ba kisa, ba sata, ba lalata, ba ƙarya, ba sayar da abin maye, ba tonon aibin wani, ba yabon kai ana rena mutane, ba rowa, ba riƙe fushi, ba zagin waɗancan ukun na farko. Wasu in kin ji sai ki ce wa'azin Juma'a ne, amma tushen daban yake.

Kuma ba a baki kawai ake ɗaukarsu ba, akwai bikin da suke kira jukai. A wurare da yawa mutum da hannunsa zai ɗinka wani ɗan ƙyalle da ake ratayawa a wuya, rakusu, ƙananan yankuna ana harhaɗawa da allura, aikin haƙuri irin na mai ɗinkin hula, wasu duk sukan allura ɗaya sai sun maimaita kalmar neman mafakar, sannan malami ya ba shi sabon suna da takardar silsilar malamai tun daga Buddha har kansa.

Ina ƙanenki ya samo nashi zancen? Su 'yan Soto suna cewa shi zaman da ita dokar abu ɗaya ne, wanda zamansa ya gyaru dokar za ta fito daga cikinsa ba sai an tilasta ba. Masu bidiyo sai suka ɗauki rabin maganar suka yar da rabi, don rabin ya fi saurin sayuwa. Ni a ganina wannan fahimta tana da hatsari ko a wurinsu. A 1872 gwamnatin Japan ta ba malaman Buddha izinin aure da cin nama, da yawa suka bi. Wanda ya fi muni, lokacin yaƙe-yaƙen Japan har zuwa 1945 manyan malaman Zen sun goyi bayan soja alhali hana kisa ce farkon dokokin goman, sai a 1992 ɗariƙar Soto ta fito ta nemi gafara a rubuce.

Kar ki yi mai faɗa Malama, ki karanta mai ukun farkon nan ya ji da kunnensa. Batun ko ya halatta ya ci gaba da zaman kuwa fatawa ce, ba fagena ba, ku je wurin malamin unguwarku tare, ya tafi da wayar ya gwada mai bidiyon.