Me ya sa shuɗi yake ɓacewa a hotunan wayata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Kura, kuma ina son ɗaukar hoto da waya. Shuɗi ne ya gagare ni. In na ɗauki sama sai ta fito fara fat, in na ɗauki turkudi a wurin masu bugu sai ya fito baƙi ƙirin ko ya yi ja-ja. Wayar ce ba ta da kyau, in canza?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Yawancin abin da ka lissafa aikin haske ne da lokaci, kuma sabuwar waya ma haka za ta yi maka.

Mu fara da sama. Hasken rana ya ƙunshi launuka da yawa, iska kuma ta fi warwatsa shuɗin cikinsa, shi ya sa muke ganin sararin sama shuɗi. Amma in hunturu ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar da ke tasowa daga Sahara tana warwatsa dukkan launukan kusan daidai, sai sama ta koma kamar an watsa mata toka. A irin wannan hazo babu shuɗin da za ka ɗauka, ko da kyamarar miliyan ce a hannunka. Jira damina, washegarin ruwa mai ƙarfi a Agusta ko Satumba, ko kuma farkon kaka kafin hazo ya sauko. Ko a lokacin ma, kada ka fuskanci rana. Tsaya ta kasance a kafaɗarka ta dama ko ta hagu, domin wannan sashen saman ya fi kowane duhun shuɗi. Sai ka taɓa saman a fuskar wayar, ka ja 'yar alamar rana ta rage haske da za ta bayyana ƙasa kaɗan. Shuɗi ba ya son haske ya yi masa yawa, nan da nan yake koɗewa. Ruwan madatsar Tiga ko na Challawa ma haka yake, launin sama yake ara, don haka ranar hazo shi ma fari zai fito.

Turkudi kuwa labarinsa daban, kuma kai da kake Kura a gindin abin kake. Jan da kake gani ba ƙaryar waya ba ce. Idan masu bugu suka zuba shuni suka daki ƙyallen har ya yi santsi, yana ɗaukar wani ƙyalli mai kama da jan ƙarfe, wanda saboda shi ne Buzaye suka daɗe suna neman ɗan Kura, wato turkudin da ake yi a Kura. Kakanninmu ma ai baƙi suke kiran rini mai duhu. Abin da za ka zaɓa shi ne wanne kake so ya fito. In ƙyallin kake so, bari haske ya bugi ƙyallen ta gefe da hantsi. In shuɗin da ke ƙarƙashi kake nema, kai shi inuwar zaure kusa da ƙofa, inda akwai haske amma rana ba ta taɓa shi.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta waya. A yawancin kyamarori, rabin ƙwayoyin da ke karɓar haske na kore ne, ja da shuɗi kuma kowanne kwata, shi ya sa shuɗi mai duhu ke saurin yin dishi-dishi. Sannan wayar tana ƙiyasta launin haske da kanta. In ka cika hoton da shuɗi zalla, sai ta ɗauka kuskure ne ta rage shi. Maganinsa mai sauƙi: sa wani abu fari a cikin hoton, ko farar hula ko ƙyallen da ba a rina ba. In wayarka tana da sashen Pro, tsayar da ma'aunin launin haske, wato WB, wajen 5500.

Ni dai hoton da na fi so a marina shi ne lokacin da marini ya ɗago ƙyalle daga karofi. Kore-kore yake fitowa, sai iska ta taɓa shi ya riƙa juyewa shuɗi kana kallo. Ɗauki hoto biyar ko shida a jere. Ka fara gaisawa da neman izini dai, mutane ne a bakin sana'arsu.

Kuma kada ka tsaya ga marina kaɗai. Ƙofar langa-langa mai fentin ruwan bula a jikin katangar jar ƙasa, ko bokitin roba kusa da rumbu, sun fi fitowa saboda jan ƙasar yana ɗaga shuɗin. Bayan faɗuwar rana kuma sama takan yi shuɗi mai zurfi, amma a yankinmu ba ya daɗewa, minti ashirin ne ko kusa da haka. Da an sallame magariba ka fito, ka goge gilashin kyamarar da gefen riga, ka jingina wayar a kan katanga don kada hannu ya yi rawa.