Amsa: Daga tankin kifi mai lita 60 zuwa mai lita 200

Ɗan'uwa na unguwar Nima a Ankara ta Ghana, ka ce kana son babban tanki mai tsirrai amma aljihu ba nauyi. To, kada ka sayi haɗaɗɗe. Je wurin masu yankan gilashi su yanka maka tsawo santimita 100, faɗi 40, tsayi 50, kaurin milimita 8 ko 10, da sandar gilashi a tsakiya ta sama. Silikon ya zama na tankin kifi. Mai maganin fumfuna guba ne. Ya bushe kwana 7, sannan ka cika a tsakar gida kwana 2 ka ga ko yana yoyo.

Teburi fa, ruwan kaɗai kilo 200 ne. Ƙarfe ko katako mai ƙwari, saman a daidaice, da soso ƙarƙashin gilashin.

Inda ake asara shi ne matatar ruwa. Tsohon sosonta ka ɗauko yadda yake, ka ɗauraye da ruwan tsohon tanki, ka sa a matatar sabon. Kulorin ɗin ruwan famfo yana kashe ƙwayoyin cikin soson da ke cinye ammoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, kifi su fara haki a saman ruwa. Sabon ruwa ma a sa masa maganin kulorin.

Shimfiɗa yashin kogi wankakke santimita 5, ba na bakin teku ba, saboda gishiri da ɓawon kodi. Tsirran Anubias da Java fern ɗaure su za ka yi jikin itace. In ka binne kakkaurar jijiyar da ganye ke fitowa daga ita, ruɓewa za ta yi. Fitilar LED mai wat 20, awa 6 kullum.

Na'urar ɗumama ruwa a zafin Ankara? Bar ta. Kuɗin ka sayi famfon iska mai batir saboda dumsor, wato ɗauke wuta.